Yadda ake saita boris ɗin keke a gida

Wurare huɗu ne a jikin keke ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe: hob, wato cibiyar taya, gaba da baya, gindin feda, inda aksul ya ratsa firam, wuyan keke, sai cikin fedar kanta. A kowanne akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke birgima cikin giris, su ne masu gyara ke kira boris. Yawancin kekunan da ke yawo a Jos, su Phoenix da Hero da Avon da tsohuwar Raleigh, har da 'yan gwanjo masu giya da hob ɗin Shimano, boris ɗinsu irin wanda ake kwancewa a wanke a sake saitawa ne. Aiki ne da mutum zai yi a tsakar gidansa in yana da sifana uku da haƙuri.

Garinmu kuwa ba ya raga wa boris. Ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa ta gauraya da giris ta koma kamar yashin goge ƙarfe. Ruwan Yuli da Agusta ya zo ya wanke ɗan abin da ya rage, tsatsa ta biyo baya. Ga hawa da gangara, ga kaya. Keken da ke ɗauko buhun dankali daga Farin Gada, ko wanda ke zirga-zirga kullum tsakanin Bukuru da Terminus, boris ɗinsa na shan wahalar da na keken ɗan makaranta ba ya sha.

Kafin ka taɓa sifana, ka gane yadda abin yake a ciki. A cikin hob akwai kofi, wato wani lanƙwasasshen gurbi mai santsi da ke manne da jikin hob ɗin. Ƙwallayen suna zaune a cikinsa. Kon, wani noti mai tsini kamar mazurari, yana hawa tiredin aksul ya danne ƙwallayen daga waje. Bayan kon akwai washa, bayan washa akwai siririn notin kulle. Haka yake a dama, haka yake a hagu. Tazarar da ke tsakanin kon biyun nan ita ce saitin. In ta yi yawa taya ta riƙa lilo, ƙwallaye su riƙa dukan kofi. In ta yi kaɗan ƙwallaye su matse su riƙa gurzar ƙarfe har su haƙa ramuka. Abin da ake nema shi ne wurin da lilo ya ɓace amma juyawa ba ta cije ba, kuma wurin nan ƙanƙane ne ƙwarai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ji taya na girgiza ya ɗauki sifana ya ƙara ɗaure babban notin waje, wanda ke riƙe taya a jikin fok, wato ƙafafun ƙarfe biyu da tayar gaba ke shiga tsakaninsu. Wannan notin ba ruwansa da saiti. Aikinsa kawai ya riƙe aksul a firam. Saiti yana tsakanin kon da notin kulle, kuma ba ya zama sai an ɗaure su biyun a kan juna tamau.

Gano inda matsalar take

Ɗaga tayar daga ƙasa, ka kama bakin wili kusa da birki ka tura shi hagu da dama. In ka ji ɗan ƙwas-ƙwas a yatsunka, hob ya saki. Juya tayar kwata ka sake gwadawa, har sau huɗu, domin wani lilon ba ya bayyana sai a wuri ɗaya. Daga nan cire tayar, ka riƙe aksul da yatsu biyu ka murza shi a hankali. Lafiyayyen boris yana juyawa sumul da ɗan nauyin giris. In ka ji garas-garas kamar tsakuwa a shinkafa, ko yana tafiya yana tsayawa, to ko dai an matse shi da yawa, ko datti ya shiga, ko ƙarfen ya ci. In kuma yana juyawa fayau da ƙarar ƙarfe, babu nauyi ko kaɗan, giris ya ƙare.

Idan lilo kaɗai ne kuma juyawa tana da laushi, saiti ya wadatar. Idan akwai gurza, sai an buɗe. Ƙara matse busasshen boris hanzarta mutuwarsa ne.

Kayan aiki

Babban abin da ake buƙata shi ne sifanar kon, siririya mai kaurin kimanin milimita 2, domin gurbin da ke jikin kon ya yi wa sifana ta gari ƙanƙanta. Yawanci kon ɗin gaba lamba 13 ne, na baya 15, notin kulle kuma 17, babban notin waje 15. Akwai hob ɗin da suka saɓa wa wannan, don haka ka auna naka tukuna. In ba ka samu sifanar kon a wurin masu kayan keke ba, sayi sifana mai araha lambar da kake so, ka kai wa mai walda ya goge maka bakinta da giranda har ta shiga gurbin. Kada ka kama kon da filaya. Tana cinye gefen, gobe ba abin da zai sake kama shi.

Sai giris, irin na boris ɗin mota mai lamba 2, wanda ake samu a wurin masu kayan mota a Dilimi. Ƙaramin gwangwani zai yi maka shekaru. In da damina ne ka samu wanda aka rubuta ba ya jin ruwa, ya fi. Man inji ba ya zama a hob, kwana kaɗan ya tsiyaye. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa cike yake da garin ƙarfe, kada ya kusanci boris. Man shafawa ma ba giris ba ne. Ka tanadi kananzir na wanki, tsofaffin tsummoki masu tsabta, tsohon buroshin haƙori, da faranti mai zurfi na tare ƙwallaye. Fetur yana wanki, amma tururinsa na kama wuta daga nesa, a gidan da ake girki a tsakar gida bai dace ba.

Ƙwallaye da inci ake auna su. Hob ɗin gaba yawanci guda 10 a kowane gefe, masu girman 3/16 na inci, wato milimita 4.76. Hob ɗin baya guda 9 a kowane gefe, masu 1/4 na inci, milimita 6.35. Gindin feda guda 11 a kowane gefe, su ma 1/4. Wuyan keke yawanci 5/32, wasu tsofaffin kekunan Ingila kuma 1/8. Da ido 5/32 da 3/16 sun yi kama, saboda haka in za ka kasuwa ka ɗauki tsohuwa ɗaya a aljihu a gwada. Ka saye su duka daga leda ɗaya, kuma ka canza su gaba ɗaya. In ka haɗa tsofaffi da sababbi, sababbin sun ɗan fi girma, su kaɗai za su ɗauki nauyi su lalace da wuri. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, ba wurin yin tsimi ba ne.

Buɗe hob da wanke shi

Fara da tayar gaba, ta fi sauƙi. Kwantar da ita a kan tsumma, gefen hagu a sama. Gefe ɗaya kaɗai za ka kwance. Na dama ka bar shi yadda yake, sai dai ka sa sifana biyu ka tabbatar kon da notin kullensa a ɗaure suke gam. Dalili biyu ne. Na farko, shi ke riƙe maka tsawon aksul daidai, ba sai ka sake aunawa ba. Na biyu, juyawar taya gaba tana jan kon ɗin dama ta wajen ɗaurewa, in ya saki zai riƙa shiga ciki da kansa har ya murƙushe ƙwallaye ya fasa kofi.

Riƙe kon ɗin hagu da siririyar sifana, ka kwance notin kulle da ɗayar. Zare noti, da washa, da duk wani zobe da ke wurin, ka jera su a kan tsumma bi da bi yadda suka fito. In kana da waya ka ɗauki hoto. Kwance kon da yatsu. Yanzu sa faranti a ƙarƙashi ka zare aksul ta ƙasa a hankali, ƙwallaye za su zubo. Waɗanda suka maƙale ka tsamo su da bakin sukudireba. Ƙirga na kowane gefe. Akwai wani siririn murfin ƙarfe a bakin hob mai tare ƙura. In ba dole ba kada ka ɓanɓare shi, yana lanƙwashewa kuma ba ya komawa daidai. Ka nannaɗe tsumma a yatsa ko a tsinke ka goge bayansa.

Wanke komai da kananzir, ka goge ya bushe ƙarau, sannan ka fita da shi cikin hasken rana ka duba. A jikin kon za ka ga wani siririn layi mai sheƙi inda ƙwallaye ke bi. In layin ya zagaye sumul, faɗinsa ɗaya, kon lafiya yake. Bi layin da bakin biro. In biron ya yi tuntuɓe, akwai rami, sai sabon kon. Ka tafi da tsohon kasuwa, domin tsayinsu da tiredinsu da lanƙwasarsu sun bambanta. Haka za ka gwada kofi. Shi kofi a yawancin hob ba a canza shi, in ya yi ramuka sosai hob ɗin ya gama aiki. Shi ya sa ake gaggawar canza kon da ƙwallaye tun ɓarnar ba ta kai gare shi ba. Ƙwallayen da suka dushe, ko suka yi launin ƙasa, ko suka yi tabo, zubar da su.

Aksul kuma ka mirgina shi a kan gilashi ko tebur mai shafaffen sama. In yana ɗingishi, ya lanƙwashe. Wannan ya fi faruwa a tayar baya ta keken dako, ko keke mai giya da firiwil ɗinsa, wato haƙoran da sarƙa ke hawa a tayar baya, na murɗawa ne. Lanƙwasasshen aksul ba ya karɓar saiti: nan ya matse, can ya saki, duk yadda ka yi. Miƙe shi da guduma ba ya ɗorewa, canza shi ake yi.

Haɗawa: shafa giris a cikin kofin dama da yatsa, mai kauri, yadda ƙwallaye za su lume rabi su tsaya da kansu. Jera su ɗaya bayan ɗaya. In sun cika daidai za ka ga ɗan gibi ya rage wanda bai isa wata ƙwallo ta shiga ba. Gibin nan dole ne, kada ka cusa ƙari. Ƙara giris a kansu, ka zura aksul ta wannan gefen har kon ɗin dama ya zauna a kansu, ka riƙe shi da hannu ka kifa tayar, ka cika kofin hagu haka nan. Ɗan shafa giris a tiredi, murɗa kon ɗin hagu da yatsu har ya taɓa ƙwallaye, ka mayar da washa da noti.

Saitin kansa

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mutane ke gajiya su bar shi rabi. Tiredin aksul kusan milimita ɗaya yake tafiya a kowane zagaye cikakke. Lilon da yatsa ke iya ji kuwa bai kai kaurin gashin kai ba. Ke nan rabin zagaye ko kwata ya yi yawa nesa ba kusa ba. Da ɗan gusawa ake aiki.

Matsala ta biyu ita ce aksul na juyawa tare da sifana, sai ka rasa ko kon ka motsa ko aksul. Dole a kafe shi. Mai bais, wato abin matse ƙarfe da ake kafewa a tebur, sai ya kama notin kullen dama a ciki, tayar tana kwance. Wanda ba shi da bais ga dabara: kifa keken a kan sirdi da kai, ka sa ƙarshen aksul na dama a ramin ƙafar fok ɗaya ta waje, tayar tana gefen fok ɗin maimakon tsakiya, ka ɗaure da babban noti. Aksul ya kafu, gefen hagu kuma yana fili a gabanka.

Murɗa kon har ya taɓa ƙwallaye, ka dawo da shi baya kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye. Riƙe shi da siririyar sifana kada ya motsa, ka ɗaure notin kulle a kansa sosai. Gwada lilo a bakin wili. Za ka lura saitin ya ɗan ƙara matsewa fiye da yadda ka bar shi. Dalili shi ne noti yana tura kon ciki gwargwadon ɗan sararin da ke cikin tiredi. Saboda haka duk gwajin da aka yi kafin a kulle noti ba gwaji ba ne. Kulle, sannan ka gwada, kowane karo.

In akwai lilo, sa sifanar kon ka lura da wace wayar wili hannunta yake kallo. Sassauta noti, ka gusa hannun sifanar zuwa waya ta gaba ta wajen ɗaurewa, ka riƙe, ka kulle. A wili mai waya 36, daga waya zuwa waya digiri 10 ne, kon ya shiga kimanin kashi ɗaya cikin 36 na milimita. Gwada. In da saura, ƙara waya ɗaya. Haka za ka yi ta yi har karon da lilo ya ɓace a duk inda ka juya tayar. Wannan karon na farko da ya ɓace shi ne saitinka, kada ka ƙara don neman tabbaci. Sau biyar ko shida ba abin mamaki ba ne, har ga wanda ya saba. Ya fi kyau ka taho daga sako-sako kana matsewa da ka fara da matsi kana sassautawa, domin ɓacewar lilo ta fi sauƙin ganewa a hannu fiye da farkon cijewa.

In ka wuce wuri kaɗan, akwai gyara ba tare da kwance komai ba: sa sifanar kon a gefen hagu ka ɗan juya kon ɗin ta wajen kwancewa, ya ƙara cije notinsa. Yana ba da ɗan sarari kaɗan, wani lokaci shi ke nan abin da ake nema.

Mayar da tayar cikin fok ka ɗaure, ka ɗaga ta ka sake ta ba tare da ka wulwula ba. Tayar da aka saita daidai za ta gangara da kanta, ta yi gaba ta yi baya, ta tsaya wurin da ya fi nauyi yana ƙasa, yawanci wajen bawul. Sabon giris yana ɗan rage wannan, musamman da sanyin safiyar Disamba, amma nauyin giris daban yake da cijewar ƙarfe: shi laushi gare shi, ita kuwa tsalle-tsalle take yi.

Tayar da ake ɗaurewa da ɗan hannun maƙalawa maimakon noti, irin ta yawancin 'yan gwanjo, hukuncinta daban. Aksul ɗinta rami ne da shi, in aka rufe hannun yana matse aksul ɗin ya ɗan gajarta, kon biyu su matso juna. Don haka ana barin ɗan lilo kaɗan in tayar tana hannu, wanda zai ɓace in an rufe hannun a jikin keke. Gwajinsa: rufe hannun rabi, ka ji ɗan lilo, rufe shi duka, lilon ya tafi. In tun a rabi babu lilo, ka matse da yawa. Ka kuma duba kada aksul ya leƙo ya wuce kaurin ƙarfen firam, kimanin milimita 5 ya isa a kowane gefe, in ya wuce hannun zai kama aksul ne maimakon firam, taya kuma tana iya fita.

Wasu tsofaffin Raleigh hob ɗinsu na gaba ba shi da notin kulle sam. Kon ɗaya a kafe yake a jikin wata kafaɗa ta aksul, ɗayan ne mai gurbin sifana. Mai kafewar dole ya kasance a dama, mai saitawar a hagu. In aka juya tayar baibai, kon zai ɗaure kansa a kan hanya.

Tayar baya duk haka ne, sai dai firiwil ya rufe kon ɗin dama. Saiti daga hagu ake yi, ba sai an cire shi ba. In wanki za ka yi a keke mai giya, cire firiwil yana buƙatar makullinsa na musamman. Mai gyara zai kwance maka cikin minti biyu ka dawo gida ka ci gaba. In keken mai birkin faifai ne, kada giris ko kananzir ya taɓa faifan.

Gindin feda

Sauke sarƙa daga babban gira tukuna, in ba haka ba ba za ka ji komai ba. Kama hannun feda, wato karanki, ka tura shi wajen firam ka jawo. In hannayen biyu suna motsi tare, boris ne. In ɗaya ne kawai ke motsi, kwatafin ɗinsa, wato ƙusar da ke ratsa shi ta riƙe shi a jikin aksul, ko notinsa ne ya saki, boris ba shi da laifi.

A nan kofuna ne ke da tiredi, kon kuma a jikin aksul aka ƙera su. Kofin dama, na gefen sarƙa, a kafe yake, kuma a yawancin kekuna tiredinsa na bahago ne: ta wajen tafiyar agogo yake kwancewa. Ka tabbatar a ɗaure yake gam, in ya saki duk saitin da ka yi a hagu banza ne. Kofin hagu shi ake saitawa, zobe mai haƙora ke kulle shi. Sassauta zoben da sifana mai ƙugiya. In babu, sa dakusasshen ƙarfe a haƙorin ka ɗan bubbuga da guduma. Murɗa kofin ciki kaɗan, ka riƙe shi, ka ɗaure zoben. Lura da bambanci: a nan ɗaure zobe jawo kofi waje yake yi, saitin ya ɗan saki, akasin na hob. Don haka ka ɗan matse fiye da yadda kake so kafin ka kulle. Gwada lilo a wurare huɗu na zagayen, ka wulwula ka saurara. Ƙarar gurnani da ke ratsa firam alamar bushewa ce ko ramuka.

Buɗewa sai an cire karanki. Mai aksul mai kusurwa huɗu yana son abin zarewa na musamman, duka da guduma ɓata shi yake yi. Mai kwatafin kuwa, sassauta notin har ya yi daidai da kan tiredi, ka tokare ƙarƙashin karankin da guntun bututun ƙarfe da ya tsaya a ƙasa, sannan ka yi masa duka ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Tokarar nan ita ce muhimmiya. In babu ita, duk dukan a kan ƙwallaye yake sauka, su huda kofi, ka gyara abu ɗaya ka ɓata wani. Wajen mayarwa ma da guduma da tokara ake shigar da kwatafin, noti riƙewa kawai yake yi, in ka ce da shi za ka ja tiredin zai tsinke. Kwatafin biyun su kalli saɓanin juna, in ba haka ba fedoji ba za su miƙe a layi ɗaya ba.

Lura da gefen aksul da ya fi tsawo, shi ne na sarƙa. In ƙwallayen a cikin keji suke, sa kejin a kofi ka ɗora aksul ka murza da hannu: in ƙarfen keji ne ke gogar wani abu, ka juya shi. Kejin da ya karye a jefar, a zuba ƙwallaye 11 a sake, sun ma fi ɗaukar nauyi. Ruwa yana shiga nan ta bututun sirdi ya kwanta. Bayan ruwan sama mai ƙarfi ya doki keke, zare sandar sirdi ka kifa keken ya tsiyaye.

Kekunan yara da karankinsu ƙarfe ɗaya ne tun daga feda zuwa feda, noti da kon ɗinsu na hagu duk tiredin bahago ne.

Wuyan keke

Wannan ya shafi lafiyarka kai tsaye, domin a gangara wuyan da ya saki yana sa kai rawa in ka kama birki. Matse birkin gaba, ka sa yatsun ɗaya hannun a mahaɗar kofin sama, ka tura keken gaba da baya. In mahaɗar na motsi a ƙarƙashin yatsunka, ya saki. Keke mai birkin sanda birkin kansa yana da lilo da zai ruɗe ka, gara ka tokare tayar gaba da bango ka tura. Gwajin matsi kuma: ɗaga gaban keken ka ɗan karkata shi, kan ya faɗi gefe da kansa. In ya tsaya cak, ko yana maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa rami, an matse shi ko kofin ƙasa ya yi ramuka.

Wuyan keke iri biyu ne. Mai tiredi: sassauta babban notin sama, yawanci lamba 32, ka murɗa kofin da ke ƙarƙashinsa kaɗan, ka riƙe shi, ka kulle. Riƙe tayar gaba tsakanin gwiwoyinka don kada fok ya bi sifana. Ƙa'idar ɗaya ce da ta hob, kulle sannan gwaji. Washa mai ɗan haƙori da ke tsakaninsu ita ke hana kofi bin noti, kada a yar da ita.

Marar tiredi, irin na sababbin kekuna: fara sassauta kusoshin gefe da ke riƙe wuyan kai a jikin bututun fok. Sai ka ɗaure kusar murfin sama da makulli mai kusurwa shida, yawanci lamba 5, kaɗan-kaɗan har lilo ya ɓace. Daidaita kai da taya, ka sake ɗaure kusoshin gefe. Wanda ya ɗaure ta sama bai saki na gefe ba, ba abin da zai motsa sai dai ya tumɓuke abin da kusar ke kamawa a ciki. Bututun fok kuma ya kasance ƙasa da bakin wuyan da milimita 2 zuwa 3. In sun yi daidai murfi zai zauna a kan bututu, ba zai matse boris ba, sai an ƙara zobe.

In za ka buɗe, yi a kan shimfiɗaɗɗen zane, ƙwallayen nan ƙanana ne kuma da yawa. Kofin ƙasa ne ke shan taɓon da taya ke watsowa, shi ya fi son giris. In ƙwallaye a sake za ka zuba, cika gurbin ka cire ɗaya.

Feda ma kon da noti ne a ƙarƙashin ɗan murfin ƙarshenta, amma wurin ƙunci ne, kuma feda mai araha sayen sabuwa ya fi. Sifana 15 ke cire ta. Ta hagu tiredin bahago ce.

Akwai boris na rufe, zobe guda da roba a fuskarsa da lamba kamar 6000 ko 6001 ko 6902. Irin wannan ba kon a cikinsa. In ya yi lilo ko gurza, fitar da shi ake yi a buga sabo mai lamba ɗaya, kuma a gefen zoben waje ake bugawa, kada a tsakiya.

Keken da ake hawa kullum a Jos yana son buɗewa da sabon giris aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ɗaukewar ruwa, wajen ƙarshen Oktoba, kafin ƙura ta sauka a kan abin da damina ta bari. Keken dako, ko wanda ya ratsa ruwa har ya shanye hob, kada a jira shekara. Wajen wanki kada a harba ruwan injin wankin mota saitin hob ko gindin feda, bokiti da tsumma sun isa.

Bayan kowane saiti hau keken ka zaga unguwa na minti goma, ka taka da ƙarfi, ka kama birki sau da yawa, ka dawo ka sake gwada lilo a duk inda ka taɓa. Sababbin ƙwallaye suna zama cikin giris, sau da yawa ɗan lilo yana dawowa, waya ɗaya ta ƙari ke gyara shi. Girisin da ya bulbulo a bakin hob ka goge shi tas don kada ya tara ƙura, bayan mako guda kuma ka sake kama bakin wili ka girgiza.